Fitilar Bahago

Litinin, 5 ga Mayu, bakwai da kwata na safe

Bahago ya yi ja.

Ina shan koko na buɗe allon Selka kamar kowace safiya, sai ga layinmu ja wur a can ƙasa. Layi talatin da biyu ne a allon, kowane layi irin kwamfuta guda. Kore na nufin Selka ta ginu a kan wannan irin daga farko har ƙarshe, ta ci duk gwaje-gwajenta. Ja kuwa ginin ya rushe a hanya. Namu ne na biyun ƙarshe, kuma wata goma sha ɗaya ke nan rabon da in gan shi ja.

Mama ta leƙo ta ce me ya sa na dangwarar da kofi haka. Na sake yi mata bayanin da na yi mata sau ɗari. Selka tafinta ce: mu rubuta umarni da yaren da mutum ke iya karantawa, ita ta juya shi zuwa yaren inji, kuma kowane irin inji da nasa yaren. Wannan akwatin ƙarfen da ke gurnani a kusurwar ɗakina yarensa ya kusa mutuwa. Lambobi ma ta baya yake jero su, shi ya sa abokin aikina Gildas ya raɗa masa suna Bahago. Amma 'yan'uwansa arba'in da uku suna can asibitocin ƙauye a arewa, su ke gadin firijin allurar rigakafi, su yi ƙara in sanyi ya ragu.

Mama ta ce, "Wato wannan da ke shanye mini wuta, shi ne ba lafiya?"

Na ce shi ne.

"To Allah ya ba shi lafiya, ko ya ɗauki ransa mu huta."

Ban damu ba. Shekara bakwai ni da Gildas muke kula da layin nan, mun sha ganin ja a da. Na kira shi sau biyu, bai ɗauka ba. Wataƙila yana kan zem, wato acaɓa, cunkoson gadar Akpakpa ta nan Kwatano da safe ba wasa ba ne.

Litinin, biyar na yamma

Bai kira ba.

Talata, 6 ga Mayu, tara na safe

Wasiƙar Marit ta shigo zauren wasiƙun Selka, inda kowa a duniya ke gani. Ita ce ke fitar da sabuwar Selka duk wata shida, daga can Norway. Ba ta da mugunta, ba ta kuma da ragi. Ta tuna mana doka: duk layin da zai ci gaba da zama, dole ya yi kore a kan inji na gaske kafin ranar rufewa, kuma dole ya kasance da sunan mutum biyu masu kula da shi. Ranar rufewa Litinin 26 ga wata, sha biyun rana agogonmu. Ta ƙara da cewa, "Senami, layinki ja ne, kuma sunanki kaɗai nake gani."

Na yi dariya, na ce Baturiyar nan tana bukatar tabarau. Na buɗe takardar sunaye.

Gildas ya cire sunansa. Ranar Juma'a da ta wuce, uku da rabi na rana.

Ranar Lahadi a gidan nan ya ci atassi, shinkafa da wake irin tamu. Ya nemi ƙarin kifi, ya tsokani Mama a kan yajinta, ya ce, "Dada, sai Litinin." Dada yake ce mini tun muna jami'a, don na girme shi da shekara biyu. Ashe da ya faɗi haka sunansa ya kwana biyu da fita.

Ba zan yanke hukunci ba tukuna. Dole akwai dalili.

Laraba, 7 ga Mayu, biyu na rana

Awa goma sha tara Bahago ke ɗauka kafin ya gina Selka sau ɗaya. Tsoho ne. Duk gwajin da na yi, yini guda ya tafi. Na jiya ya rushe a awa ta sha ɗaya, a wani wuri da ban taɓa gani ba. Na duba sauye-sauyen da aka yi a makon jiya ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kusanci wurin. Abin ya ɗaure mini kai.

In suka cire mu, tsohuwar Selka za ta riƙe mu shekara ɗaya, in ta yi yawa biyu. Daga nan duk abin da manhajar asibitocin ke jingine da shi zai wuce ya bar mu, akwatunan su zama ƙarfe kawai. Ƙungiyar da ta raba su ta tattara ta tafi tun tuni. Ba wanda zai sayi sababbi.

Na aika masa saƙo. Ya karanta, alamar ta nuna.

Alhamis, 8 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Ya yi magana. Ba a wayata ba, a zaure, gaban kowa. Bari in kwafe ta nan don kada wata rana in ce mafarki na yi:

"A matsayina na wanda ya taɓa kula da wannan layi, ina goyon bayan a cire shi. Gaskiyar magana, wata goma sha ɗaya ke nan ba a gina Selka a kan injin na gaske ba. Koren da kuke gani ba nasa ba ne."

Iyakarta ke nan. Ko gaisuwa babu.

Tuni mutum tara sun amsa. Wani ya ce ashe ƙarya ake yi musu. Wani ya tambaya, a gidan wa injin yake? Kowa ya san a gidan wa yake. Hoton ɗakin nan yana shafinmu, da labulen Mama mai furanni a bayansa.

Wata goma sha ɗaya kamar yaya? Ga shi nan a gabana fankarsa tana juyawa! Ni ce nake goge masa ƙura duk Asabar. Ni ce, duk lokacin da aka ɗauke wuta, nake zare firijin zoɓon da Mama ke sayarwa in bar wa Bahago batirin sola, zoɓon ya yi tsami, ta yi ta faɗa, in ba ta haƙuri. Ya shafa mini kashin kaji a gaban duniya, kuma ban ma san laifin da na yi ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, goma na safe

Na gano.

Akwai wata ɗabi'a tamu ta masu wannan aiki, yau na san ɗabi'ar banza ce: ba ma buɗe bayanin ginin da ya yi kore. Ja ake buɗewa, a bi layi layi a ga inda ya faɗi. Kore kuwa ido kawai ake ɗora masa a wuce. Yau da safe na danna koren watan jiya, karo na farko cikin kusan shekara.

An fara gini ƙarfe takwas. An gama goma da minti huɗu.

Awa biyu! Bahago da na sani, awa biyu ko takalminsa bai gama ɗaurawa ba. Na buɗe na Maris, awa biyu. Na Disamba, awa biyu. Na yi ta ja baya har 14 ga Yunin bara. Ranar ce aka sauya layi ɗaya tak a cikin saitin: aikin ya daina zuwa ɗakina, ya koma wata babbar kwamfutar haya a Turai da ke kwaikwayon Bahago. Shi na kwaikwayo haƙuri gare shi, ko a karkace ka ajiye masa lamba zai ɗauka ya wuce. Bahago na gaske sai ka ajiye masa daidai kan layi, in ba haka ba ya faɗi warwas. Kurakurai suka yi ta shiga wata da watanni, fitila tana kore. Ranar Juma'ar da ta wuce aka kashe na kwaikwayon, aiki ya dawo gida, gaskiya ta fito.

Kowane sauyi a Selka yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi. Na ga sunan. Ba zan rubuta shi a littafin nan ba daga yau.

Wato abin da ya faɗa a zaure gaskiya ne. Wanda ya yi ɗin ne kawai bai ambata ba.

Shi kuwa Bahago, Allah sarki, wata goma sha ɗaya yana zaune ba aikin fari bare na baƙi, fanka kawai yake juyawa, ni ina zubar da zoɓon uwata saboda shi.

Asabar, 10 ga Mayu, huɗu na yamma

Ban gaya wa Mama ba. Ja.

Lahadi, 11 ga Mayu, ɗaya na rana

Bai zo coci ba. Matarsa Fifame ta zo da Sika. Ni na riƙe yarinyar nan a hannuna ranar baftismarta, yanzu shekararta shida. Da gudu ta zo ta rungume ni, ta nuna mini gurbin haƙorin da ya fita.

Fifame fuskarta sai sheƙi take. "Dada, ai kin ji labari ko? Ya samu aiki! Wani kamfani a waje, amma daga gida zai riƙa yi. Ya ce ke ya fara gaya wa."

Na ce, "Ƙwarai. Barka."

"Za mu yi ɗan taro in an kwana biyu. Ke za ki dafa amiwo fa, jan tuwon masarar nan, nawa ba ya kai naki."

Da na dawo na duba kamfanin. Su ne wata shida suna ƙorafi a zaure cewa tsofaffin layuka irin namu suna hana su wani babban gyara da suke so su yi. Ban ce shi ya sa ba. Na rubuta abin da na gani ne kawai.

Talata, 13 ga Mayu, uku na rana

Madam Bake ta kira. Ita ce nas ɗin wani asibitin ƙauye bayan garin Nikki, shekara biyar muna waya ba mu taɓa haɗuwa ba.

"Madam Senami, akwatin nan ya sake mutuwa jiya. Na goge ƙurar, na rantse miki. Na matsar da shi daga taga kamar yadda kika ce."

A watan Maris na aika musu sabuwar manhaja, da sabuwar Selka na gina ta, ai allo kore ne. Tun daga nan take ce mini akwati yana mutuwa shi kaɗai. Ni kuma na ce zafi ne, na ce ƙura ce, har na taɓa ce mata, "Madam, inji ba ya ƙarya, a kula da shi dai." Da bakina na faɗa. A Afrilu firiji ya tsaya wata ranar kasuwa, akwatin bai yi ƙara ba don a mace yake, aka zubar da alluran wata guda. Ita aka kira ofishin lardi aka wanke tas.

Na ce, "Madam Bake, ba ƙura ba ce. Daga wajenmu ne."

Ta ce, "To ni da na sha kuka a banza?"

Na gaya mata yadda za ta mayar da tsohuwar manhajar, ta ce za ta sanar da sauran. Ba ta yi mini sallama ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, shida na yamma

Kurakurai biyar na ƙirga, dukkansu irin na lambar da aka ajiye a karkace. Na yi wa biyu faci.

Ruwa tun asuba, unguwar ta zama tafki. Ginin jiya ya kai awa goma sha bakwai, saura biyu, aka ɗauke wuta, batiri ya ƙare don rana ba ta fito ba. Awa goma sha bakwai! Na fita tsakar gida na zagi masu wuta, na zagi hadari, na zagi mutumin, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Mama ta zo ta tsaya a ƙofa da tawul. Na gaya mata komai, har da zancen zoɓon.

Ta ce, "Wannan yaron da nake ɗebar wa kan kifi?"

"Shi."

Ta yi tsaki, ta wuce kicin. Na ji ta zare firijin da kanta. Ta dawo ta ce, "Sai ranar da kuka gama. Amma ki sani ba don akwatinki na yi ba."

Asabar, 17 ga Mayu, biyar na yamma

Ya zo.

Ƙarfe biyu ya buga ƙofa, da ledar abarba a hannu kamar mai zuwa dubiya. Mama ta kalle shi daga sama har ƙasa, ta shige ɗaki. A baranda muka zauna. Ban ba shi ruwa ba.

"Dada, kin rame."

"Ka zo auna ni ne?"

Ya yi ta juya hularsa. Ya ce a watan Yunin bara gini ya rushe, Sika tana kwance a asibiti, ni kuma ina arewa wajen akwatuna. Ya ce mako guda kawai ya yi niyya, don kada Marit ta gani. Mako ya zama wata, kunya ta hana shi faɗa.

Na ce, "To, na ji wannan. Har zan iya yafe wannan. Wasiƙar fa?"

"Ai ban ambaci sunanki ba."

"Naka ka ambata?"

Ya sunkuyar da kai. Sai kuma ya ɗago da wata murya da ban san shi da ita ba. "Dada, tsakani da Allah, inji arba'in da uku ne fa. A duniya baki ɗaya. Shekara bakwai muna jan gawa. Ina da iyali. Ke ba ki gaji ba?"

"Na gaji. Amma ni da zan sauke kaya, sai in ce da kai, ɗan'uwa, zan sauke. Ba zan zame in bar maka a ka, sannan in shiga gari ina cewa ku zo ku ga mai kayan sata ba."

Ya ce zai iya mayar da sunansa har a wuce ranar rufewa, in dai na bar zancen a matsayin kuskuren saiti, ba tare da na ce wane ne ba. Sabon aikinsa bai zauna ba tukuna. Wai alfarma zai yi mini!

Na gaya masa labarin Madam Bake da alluran Afrilu. Fuskarsa ta canza, bai sani ba, na yarda bai sani ba. Na jira in ji ya ce wani abu. Abin da ya ce shi ne, "Ba wanda zai iya tabbatar da cewa daga nan ne."

Na miƙa masa abarbarsa. Ya bar ta kan kujera ya tafi.

Lahadi, 18 ga Mayu, sha biyu na rana

Mama ta ba maƙwabta abarbar. Ban je coci ba, ba zan iya kallon Sika ba. Ja, a awa ta goma sha huɗu.

Litinin, 19 ga Mayu, huɗu na yamma

Na rubuta wasiƙa sau shida. Ta farko da na aika da ita, da ba zai sake samun aiki ko a shagon gyaran waya na kasuwar Dantokpa ba. Ta shida na aika: cewa gaskiya ne an karkatar da aikin ranar 14 ga Yuni, cewa ban sani ba, cewa laifina shi ne ban buɗe kore ba ko sau ɗaya, kuma tarihin sauye-sauye yana nan ga mai son dubawa. Ban sa suna ba. Ba don shi ba. Don gurbin haƙorin nan.

Zaure ya yi tsit. Waɗanda suka yi ta ihu kwanakin baya ko tari. Ashe tarihi ma ba a buɗewa.

Marit ce kaɗai ta rubuto mini, ni kaɗai. "Na duba. Na ga wanda ya yi. Ki yi haƙuri. Ba zan iya ɗaga ranar ba, in na ɗaga miki sai na ɗaga wa kowa. Amma in ya yi kore na gaske kafin sha biyun Litinin, ni zan sa sunana na biyu."

Na karanta, na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba tun da aka fara. Matar da ban taɓa gani ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, takwas na safe

Kurakurai huɗu cikin biyar sun gyaru. Ginin yana kaiwa ƙarshe yanzu. Gwaji dubu huɗu da ɗari biyu da goma, duk ya ci sai ɗaya. Ɗaya! Na lissafin lokaci ne, kuma sai a awa ta goma sha takwas ake isa gare shi. In na gudanar da shi shi kaɗai yana wucewa lafiya, sai a cikin cikakken gini yake faɗuwa. Shegen abu.

Juma'a, 23 ga Mayu, shida na yamma

Na yi zaton na kama shi. Ban kama shi ba. Ja.

Asabar, 24 ga Mayu, uku na rana

Saƙo daga mutumin. Babu gaisuwa, layi ɗaya na umarni, wanda ke ce wa Selka ta tsallake wannan gwajin a kan Bahago. A ƙarƙashi ya rubuta: "Sa wannan. A kan inji na gaske ne, ba ki karya doka ba. Ba mai buɗe kore. Ki gyara daga baya."

Ban san ko taimako yake nufi ba, ko so yake mu zama ɗaya. Na kwana biyu ban ci abin kirki ba, ban yarda da kaina ba. Abin haushin shi ne, layin daidai yake. Ya iya aiki, ai ni na sani.

Lahadi, 25 ga Mayu, biyar da minti goma na yamma

Awa goma sha tara kafin sha biyun gobe, ƙarfe biyar na yau ke nan. Gini na ƙarshe.

Tun asuba nake nema, ban samu ba. Huɗu da rabi na kwafi layinsa na liƙa a wurin. Na zauna ina kallonsa. Na ce wa kaina asibiti arba'in da uku sun fi gwaji ɗaya. Na ce mako guda kawai, zan gyara.

Mako guda kawai. Da na ji kalmomin a bakina sai na gane su. Haka shi ma ya ce a baranda.

Kuma gwajin lokaci ne. Da lokaci akwatin ke sanin awa nawa firiji ya yi babu sanyi. In na tsallake, Marit ta sa sunanta a kan koren ƙarya, ni kuma in sake aika wa Madam Bake abin da ban sani ba ko yana aiki, in ce mata ta goge ƙura.

Na goge layin. Na sa wani facin da ban yarda da shi sosai ba, na danna. Biyar saura minti biyu.

Mama ta kawo akassa, wato agidi, da miya ta ajiye, ta ce, "Ci. Shi ma akwatin ai yana cin nasa."

Litinin, 26 ga Mayu, sha ɗaya da minti ashirin

Ja.

Litinin, ɗaya na rana

Marit ta sanar a zaure, ta gode mini da suna, ta ce a gaban kowa ni ban ɓoye komai ba. Na gode mata.

Al'ada ce, in an yanke cire layi, wani ya aiko da facin da zai share duk rubutun wannan injin daga cikin Selka. Yawanci sai an yi mako ana jan ƙafa, ba mai son aikin. Namu ya iso daga mutumin, sha biyu da minti shida. Layi dubu uku da ɗari takwas, an ware su tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Wannan ba aikin minti shida ba ne, ba ma na yini ɗaya ba ne. Yana ajiye a kwamfutarsa ranar da ya zo da abarba. Yana ajiye ranar da ya aiko mini da layin tsallake.

Rabin rubutun shi ya yi da hannunsa, a kan teburin nan, yana cin gyaɗar Mama. Shi ya sa ya san inda komai yake.

Allo ya koma layi talatin da ɗaya.

Talata, 27 ga Mayu, biyu na rana

Ina wanke tukunya da safe ya faɗo mini. Ba a cikin gwajin kuskuren yake ba, a wani gwaji ne da ke gabansa, yana barin lamba a karkace, na bayansa ya yi tuntuɓe da ita. Gyaran layi uku ne. Na tsaya da kumfa a hannu ina dariya kamar mahaukaciya. Da kwana biyu kacal na makara!

Na riƙe kwafin Selka na ranar Lahadi, kafin sharewar. Na sa facin, na danna. Mama ta ce, "Ba an gama ba?" Na ce an gama. Ta dube ni, ta dubi filogin firijin da ta ɗauko za ta mayar, ta ajiye shi.

Fifame ta aiko saƙo, taron ranar Asabar ne, kada in manta da amiwo. Ban amsa ba tukuna.

Laraba, 28 ga Mayu, tara da rabi na safe

Dubu huɗu da ɗari biyu da goma. Duka.

Babu layin da zai nuna a allo, a kan ɗan gilashin ɗakina kawai ya fito. Na buɗe bayanin na karanta daga farko har ƙarshe. Awa goma sha tara da minti bakwai, a kan Bahago, a Kwatano. Kore ne na gaske, na farko cikin kusan shekara guda.

Na yi ihu, na wawuri waya. Sai da na ji tana ringin a kunnena na ga lambar da yatsana ya danna. Shekara bakwai, duk koren da muka sha wuya a kansa, shi nake fara kira.

Ya ɗauka. Ya ce, "Dada?"

Na kashe.

Na zauna a bakin gado, sannan na kira Madam Bake. Na ce mata akwai sabuwar manhaja, wannan karon a kan injin gaske aka gwada, za ta riƙe mu shekara ɗaya ko biyu, bayan nan ban sani ba.

Ta ce, "Ke da wa kuka gwada?"

Na ce ni kaɗai.

"To turo," in ji ta. "Yau ranar allura ce, mata sun cika mini baranda."